Ƙaramin jirgin kamun kifi mai injin feshin ruwa: zai yi aiki a tafkunanmu na Damagaram?

Ɗan Birni ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina da wata tambaya da ta daɗe tana cin raina, kuma na ga ya fi dacewa in kawo ta gaban waɗanda suka san ruwa da waɗanda suka san ƙarfe, kafin in zuba kuɗina a kan abin da ban gama fahimta ba.

Sana'ata fataucin kifi ce a nan Damagaram. Ina saye a hannun masunta a Gidimuni da wasu tafkunan kudancin jiha, in kawo shi gari ɗanye idan na samu ƙanƙara, idan kuma ban samu ba a yi banda. Ni da ƙanena muna da kwalekwalen katako guda ɗaya, wanda shekara biyu da suka wuce muka ɗaura wa ƙaramin inji mai farfela, mai ƙarfin doki 15. Da kaka, lokacin da tafki yake cike, ba mu da abin cewa sai godiya ga Allah. Amma da zarar an shiga watan Maris ruwa ya fara ja da baya, sai farfelar ta riƙa haƙar laka tana nannaɗe ciyawa, har ta kai ƙanena ya fi daɗewa yana tura jirgin da gora fiye da yadda yake tafiya da inji. A bazarar bara sau biyu fiffiken farfelar yana lanƙwashewa, sau ɗaya kuma ta yanke kallin wani dattijo, abin da har yau nake jin kunyarsa duk da cewa na biya shi.

A kwanakin nan na ga hotunan bidiyo na wasu ƙananan jiragen alminiyam da ba su da farfela a waje ko kaɗan. Injin yana zuƙar ruwa ta ƙasan jirgi ya feso shi ta baya, kuma na ga ɗaya yana gudu a ruwan da bai wuce idon sawu ba. Jet suke kiransa. Ina roƙon wanda ya sani ya bayyana mini yadda abin yake aiki, da irin jirgin da ya dace da shi, da kuma ko masu walda na garin nan za su iya ƙera shi. Akwai kuma wani tunani da ƙanena ya kawo: tunda injin ban ruwa na lambu shi ma zuƙar ruwa yake yi ya feso, me zai hana mu ɗora shi a kwalekwale mu juya tiyonsa baya? Allah ya saka wa duk wanda ya amsa da alheri.

Makaniken Gaɓar Kwara ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ni ɗan Zengo ne, amma na yi shekaru ina gyaran injinan jiragen ruwa a bakin kogi a Yamai, kuma a cikin waɗannan shekaru na buɗe irin wannan inji da hannuna, don haka zan gaya maka abin da na gani.

Asalin abin daga ƙasar Niyu Zilan yake. Wani manomi mai suna William Hamilton, wanda ke son hawa kogunan yankinsu masu gudu da tsakuwa da ƙarancin zurfi, shi ne ya daidaita shi a shekarar 1954. Da farko bakin feshin yana ƙarƙashin ruwa, jirgin bai yi wani gudun kirki ba. Da ya ɗaga bakin ya koma fesawa a sama da fuskar ruwa, sai ƙasan jirgin ya zama sumul babu abin da ya leƙo, gudun kuma ya ƙaru. A 1960 jiragen da ke ɗauke da injinsa suka haura kogin Kolorado na Amurka suna fuskantar igiyar ruwa, daga nan duniya ta san shi. Na kawo wannan tarihi ne domin ka lura da irin ruwan da aka ƙirƙiri injin dominsa: ruwa mai gudu, mai tsabta, wanda ƙasansa tsakuwa ce da dutse. Ka riƙe wannan a ranka, don a kansa duk maganar take.

Ga yadda yake aiki. A ƙasa akwai baki mai rariyar ƙarfe, ta nan ruwa yake shiga. Sama da rariyar akwai farfelar ciki, wadda take juyawa a cikin wani zobe da ya kewaye ta ƙam. Ita ce take matsa ruwan ta tura shi zuwa wani siririn hanci a baya, inda yake fita da ƙarfi, jirgi kuma ya yi gaba gwargwadon yawan ruwan da aka jefa baya da saurin da aka jefa shi. Babu giya a cikinsa. Idan kana son ribas, wani murfi ne kamar ƙoƙo yake saukowa ya tare hancin ya mayar da feshin gaba, idan kuma kana son tsayawa sai murfin ya sauko rabi, amma farfelar ciki ba ta daina juyawa muddin inji yana kunne. Juya jirgi ma da feshin ake yi, wato idan ka saki totur ka rasa sitiyari. Wannan shi ne abin da ya fi ruɗa wanda ya saba da farfela, domin idan ya ga zai yi karo hannunsa yakan saki totur, alhali a wannan inji sai ka ƙara wuta kaɗan sannan jirgin ya karkata.

Iri biyu ne. Akwai wanda injinsa yake zaune a cikin jirgi, kamar na baburan ruwa, wanda wasu suke cirowa su dasa a ƙananan jiragen alminiyam. Wannan ka manta da shi, domin na zamani kwamfuta ce take sarrafa su, kuma idan suka ƙi tashi sai an jona musu na'ura kafin a san ciwonsu. Akwai kuma injin ratayawa irin naka, wanda aka cire masa ƙafar farfela aka sa masa famfo mai kama da katantanwa. Shi ne ya fi kusa da abin da kake nema, sai dai yana cin wajen kashi 30 cikin 100 na ƙarfin injin. Shi ya sa za ka ga an rubuta 60/40 ko 90/65 a jikinsu: kan injin doki 60 ne, abin da yake isa ruwa doki 40 ne, man da zai sha kuwa na doki 60 ne cif. Irin wannan idan ka buɗe masa totur gaba ɗaya yana shan kusan lita 20 a awa guda, nauyinsa kuma ya haura kilo 100. Ko da yake matatar mai ta SORAZ tana nan kusa da mu, ba kyauta ake ba da mai ba, sai ka lissafa kwandon karfasa nawa zai biya awa ɗaya.

Game da gudu a ruwa marar zurfi, abin da ka gani gaskiya ne, amma bidiyo ba ya nuna farkon tafiyar. Jirgin yana wuce ruwan santimita 10 ne kawai idan ya riga ya ɗauki gudu ya hau saman ruwa. Kafin ya hau, ƙeyarsa takan nutse, famfon kuma yana zuƙa da dukan ƙarfinsa, don haka idan ka tayar da shi a wuri marar zurfi, yashi da laka da tsakuwa zai kwasa. Sai ka tura shi zuwa inda ruwa ya kusa gwiwa tukuna. Yashin nan kuwa shi ne ajalin farfelar ciki. Tazarar da ke tsakaninta da zobenta ba ta kai milimita ɗaya ba, kuma da zarar yashi ya cinye gefen fiffiken tazarar ta buɗe, za ka ji inji yana kuka jirgi ba ya tafiya, kamar mota mai cinyayyen kuloci. Maganinsa a kwance ta, a wasa bakinta da zarto, a mayar da wasu washa daga ƙasa zuwa sama domin ta sauka ta sake matsar zoben. Boris ɗinta kuma yana son giris duk ranar da aka yi aiki. Haka nan dole idonka ya kasance a kan fitsarin injin, wato siririn ruwan nan mai nuna cewa sanyaya tana aiki, domin ruwa mai laka yakan toshe hanyarsa.

Ban ce injin ba shi da kyau ba. A Kwara, daga watan Mayu zuwa Yuni, lokacin da tudun yashi ke fitowa a tsakiyar kogi da duwatsun da ke wajen Ayoru, yana wuce inda mai farfela ba zai kusanta ba. Tsofaffi a Yamai suna ba da labarin 1985, shekarar da kogin ya tsaya cak, kuma ko a shekarar da ba ta kai haka ba mai jirgi yana shan wuya da bazara. Amma tafkinku ban san shi kamar yadda masu shi suka san shi ba, gara su yi magana.

Masuncin Gidimuni ya rubuta:

Salamu alaikum. Ɗana ne yake rubuta mini wannan, ni nake faɗa. Yaro, na gane maganarka, kuma duk wanda ya ture jirgi da gora a zafin Afrilu ya san abin da ya sa kake neman sauƙi.

Na saurari bayanin malamin makanike, kuma da ya ce injin yana shan ruwa ta rariya, nan take na san inda matsalar take. Ruwanmu ba ya gudu. Abin da ya faɗa cikinsa yana nan a cikinsa. Kacalla ta cinye gefen tafki, ganyenta da ya bushe yana yawo a sama, ga bado da dogayen jijiyoyinsa, ga gansakuka da take yin kauri kamar bargo idan ruwa ya ja. Bayan wannan ga leda, wadda iska take kwasowa daga gari da bakin hanyar Gure ta zuba mana. Rariyar da matarka take tace gasara da ita, idan ka shimfiɗa mata ganye ɗaya mai faɗi, me zai wuce? Farfela idan ta nannaɗe ciyawa, kakan ɗaga inji ka warware da hannu ka ci gaba, kuma ko da ciyawar a jikinta tana ɗan turawa. Wannan kuwa, bisa ga yadda aka kwatanta shi, leda ɗaya ta isa ta tsayar da shi.

Sannan ina so ka yi tunanin abin da gudun zai amfana maka. Tafkin nan ba Cadi ba ne, ba kuma Komadugu ba ce. Daga inda muke ajiye jirage zuwa inda muke zuba kalli, mai filafili ma yana isa kafin rana ta yi zafi. Aikinmu na tafiya sannu ne: a bi igiyar mamari ƙugiya bayan ƙugiya, a ɗaga gura a zazzage tarwaɗa a mayar, a tsaya a jefa birgi. Injin da ba ya jin sitiyari sai yana gudu, ban ga yadda zai yi wannan aiki ba. Kuma akwai mutanenmu da har yanzu a kan gora suke kwanciya su shiga ruwa, kansu kaɗai ake gani. Jirgi mai gudu idan ya tayar da igiyar ruwa zai kife musu kamu, in ma bai bi ta kansu ba.

Batun kallin da ka yanke, Allah ya kiyaye gaba, amma kada ka ɗauka wannan injin zai raba ka da shi. Abin da yake zuƙar ruwa zai zuƙi zare. Abin da yake raba mutum da yanke kallin wani shi ne ya san inda kowa yake zuba nasa, ya kuma kashe inji idan ya doshi wurin. Kowane irin inji za ka kawo, ka fara zuwa wurin Sarkin Ruwa da ma'aikatan gandun daji ka ji ta bakinsu, domin ruwan na jama'a ne.

Mai Walda a Sabon Gari ya rubuta:

Baba ya yi magana, kuma ba ni da abin da zan ƙara a kan ruwa. Ni a kan jirgin kansa zan tsaya, domin a ganina, Malam, rabin wahalarka daga kwalekwalen take. Katako idan ya sha ruwa nauyinsa yana ƙaruwa, kuma kwalekwalenmu siriri ne, saboda haka yana nutsewa sosai tun kafin a rataya masa inji.

Ga lissafi mai sauƙi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Idan ƙasan jirgi shimfiɗaɗɗe ne, tsawonsa mita 5, faɗinsa mita 1 da santimita 20, aka cire goshin da yake tashi sama, abin da yake taɓa ruwa zai kai murabba'in mita 5. Ke nan duk kilo 50 da ka ɗora, jirgin zai nutse santimita ɗaya. Idan jirgi da inji da mai da mutum biyu da kifi da ƙanƙara suka haɗa kilo 600, zurfin da zai ci santimita 12 ne kawai, yana tsaye ba ma yana gudu ba. Faɗin ƙasa da rashin nauyi su ne suke sa jirgi ya bi ruwa marar zurfi, injin feshi kawai yana kawar da abin da ya leƙo ƙasa ne.

Jiragen da ka gani an ƙera su ne musamman domin famfon ya samu ruwa mai kyau. Famfon ba ya son iska ko kaɗan, idan kumfa ta shiga sai ya yi ta kuka a banza. Don haka ƙasan jirgin, daga tsakiya zuwa baya, dole ya zama sumul a daidai layin da ruwa yake bi zuwa rariya, babu ƙashin baya, babu kan ƙusa, babu tudun walda. Da yawa sukan ba ƙasan ɗan kusurwa kaɗan, kamar buɗaɗɗen littafi da aka kusa shimfiɗewa, domin kumfar da goshi ya tayar ta gudu gefe, kuma jirgin ya rage zamewa a kwana, domin mai shimfiɗaɗɗen ƙasa sarai yakan sulale gefe kamar tire a kan tebur. Wasu kuma sukan yi ɗan rami a ƙasan ta baya, mai zurfin yatsu uku ko huɗu, wanda yake ɗago ruwa zuwa bakin famfo, ta yadda za a ɗaga injin ya fi ƙasan jirgi tsayi, dutse ya wuce bai taɓa shi ba. Allon baya shi ma sai an ƙara masa tsayi da wajen santimita 15 a kan na mai farfela, domin gaban rariyar ya yi daidai da ƙasan jirgi. Idan ya yi sama zai sha iska, idan ya yi ƙasa zai ja ruwa ya yi ta watsa shi cikin jirgi, kuma bambancin bai wuce kaurin yatsa ba. Tunda injin yana da nauyi, tankin mai da batir da akwatin ƙanƙara gaba ake kai su, in ba haka ba goshi ya yi sama jirgin ya ƙi hawa ruwa.

Yanzu batun ko za mu iya ƙera shi. Zan faɗa maka gaskiya ko da ba za ta kawo mini aiki ba. Yankan faranti da lanƙwasa shi ba su gagare mu ba. Waldar alminiyam ce daban, domin ba a yin ta da injin da muke ƙera ƙofofi da shi, tana buƙatar inji na musamman da iskar argon, da hannun da ya saba. Kuma farantin da ya dace shi ne mai lamba 5052 ko 5086, mai kaurin milimita biyu da rabi zuwa uku, wanda ba irin na tukwanen da ake narkawa ba ne, sai an yi odarsa, wataƙila ta Kano. Wani zai ce a yi da baƙin ƙarfe. Murabba'in mita ɗaya na alminiyam mai milimita 3 kilo 8 ne da ɗan kai, na baƙin ƙarfe mai milimita 2 kuwa ya kusa kilo 16, ga tsatsa. Da ƙarfe za a samu jirgi mai ƙarko idan ana shafa masa fenti, amma ba wanda zai tashi saman ruwa da ƙaramin inji ba.

Abu ɗaya nake roƙonka, ko wane ne zai yi maka aikin. Katako idan ya kife yana yawo, mutum ya riƙe shi har a kawo ɗauki. Jirgin ƙarfe ko na alminiyam idan ya cika da ruwa ƙasa yake tafiya kai tsaye. A rufe ƙarƙashin kujeru da goshi a cika su da soso mai hana nutsewa, ko da jarkoki marasa komai masu murfi, kuma rigar ruwa ta zauna a jikin mutum, kada ta zauna a cikin akwati.

Malamar Kimiyya daga Mirya ta rubuta:

Sallama gare ku baki ɗaya. Babu wanda ya amsa tambayar ƙanen Ɗan Birni game da injin ban ruwa, kuma tunda a garinmu kusan kowane mai lambu yana da shi, na ga ya kamata a ba ta haƙƙinta, domin tunanin yaron daidai yake ta fuskar ilimi.

Ƙarfin turawa yana fitowa ne daga yawan ruwan da aka jefa a daƙiƙa ɗaya, a ninka shi da saurin fitarsa. Injin lambu mai bakin inci 3 yana ba da kusan lita 1000 a minti idan tiyonsa a buɗe yake, wato wajen lita 17 a daƙiƙa, amma a lokacin ruwan ba shi da sauri sosai. Idan aka matse bakin domin ya yi sauri, yawan sai ya ragu. Mu ɗauka an samu lita 10 a daƙiƙa da saurin mita 15 a daƙiƙa: turawar da za ta fito daidai take da nauyin kilo 15 ko kusa da haka. Wannan zai motsa kwalekwale, zai kai shi tafiyar da ta ɗan fi ta mai filafili, amma ba zai taɓa ɗaga shi saman ruwa ba. Dalili shi ne an ƙera injin lambu domin ya ɗaga ruwa kaɗan zuwa tudu mai nisa, famfon jirgi kuwa domin ya kwashi ruwa mai yawa ƙwarai ya wurga shi baya. Sannan matatar da ke bakin tiyon zuƙa za ta toshe da irin ciyawar da Baba ya lissafa, kamar yadda take toshewa a rijiyar lambu.

Sai dai ina da ɗan saɓani da Baba a wuri ɗaya, tare da girmamawa. Rashin farfela a waje ba ƙaramin abu ba ne a ruwan da yara suke wanka, mata suke wanki, shanu suke sha. Raunin farfela mummunan rauni ne, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa masu aikin ceto a ƙasashe da dama suke zaɓar injin feshi. Idan wata rana aka yi maganar jirgin ceto na lokacin ambaliya, ko na aiki a Komadugu wajen Diffa, bai kamata a kore shi ba.

Ga ruwa mai laka da ciyawa kuwa, mutanen Tailan sun daɗe da samun nasu maganin, wato inji mai dogon wutsiya. Ƙaramin inji ne irin na ban ruwa ko na markaɗe, ana ɗora shi a kan maƙalli mai juyawa a ƙeyar jirgi, a haɗa masa sandar ƙarfe mai tsawon mita biyu ko fiye, da ƙaramar farfela a ƙarshenta. Matuƙi yana danna hannu ya ɗaga farfelar har ta fito daga ruwa ta watsar da ciyawa, ya sake sauke ta gwargwadon zurfin da yake so, ko da rabinta ne kawai a ruwa. Iska ce take sanyaya irin wannan inji, don haka laka ba ta da hanyar shiga cikinsa, kuma duk makaniken da yake gyara injin lambu zai gyara shi.

Makaniken Gaɓar Kwara ya sake rubutawa:

Malama ta yi gaskiya a kan dogon wutsiya, na ga irinsa yana ratsa tabon da ko mutum ba zai taka ba. Gargaɗina ɗaya ne: farfelarsa tana lilo a nesa da jirgi, don haka a wurin da mutane suke cikin ruwa ya fi na yanzu haɗari, kuma a tsaye ake tuƙa shi. A sa masa igiyar kashe inji a ɗaura a wuyan hannu, domin idan matuƙi ya faɗa ruwa injin ya mutu nan take.

Ɗan Birni ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma, ya saka da alheri. Baba, na karɓi maganarka, kuma ranar kasuwa mai zuwa in sha Allahu zan zo Gidimuni in gaishe ka, mu je wurin Sarkin Ruwa tare idan ka amince. Na karanta wa ƙanena lissafin Malama, ya ce duk da haka zai gwada injin lambun a kududdufin bayan gari don ya gani da idonsa, ni kuma ban hana shi ba tunda injin namu ne.

Maganar jet na ajiye ta a yanzu. Abin da ya tsaya mini shi ne santimita 12 ɗin nan na lissafin Malam mai walda, domin jiya na sa ƙanena ya auna kwalekwalenmu da kaya a ciki, ya tarar yana cin ruwa fiye da ninki biyu na haka. Malam, idan za a yi jirgi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa na mita 5 da katako mai sauƙi ko da farantin ƙarfe marar kauri, wanda za a ɗora wa inji mai dogon wutsiya, wane tsayi ya kamata a ba allon baya, kuma sandar da boris ɗinta za a iya haɗa su a nan garin ko sai an sayo su a haɗe? Zan biyo ta shagonka bayan sallar La'asar ranar Asabar da awon kwalekwalen a rubuce.